Yaƙin Rasha da Yukren: sunan makami ne ke cin yaƙi, ko masana'antar da ke ƙera shi?

Malam Bashir Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da nake so mu tattauna a natse. Duk lokacin da aka sanar cewa Turawa sun ba Yukren wani sabon makami, zauren nan rabuwa yake yi gida biyu: wasu su ce kashin Putin ya bushe, wasu su ce ai tarkace ne, mako guda ya yi yawa za a ƙone shi. Tun 24 ga Fabrairun 2022 muke haka. An yi a kan makamin fasa tanka na Javelin, an yi a kan jirgin Bayraktar maras matuƙi na Turkiyya, aka zo kan motar harba rokoki ta HIMARS, aka zo kan tankokin Leopard da Abrams, aka zo kan jiragen F-16. Kowanne ya zo ya taka rawarsa, amma yaƙi bai ƙare ba. Rasha na riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar, Kyiv kuma tana nan ba ta faɗi ba.

Ni abin da na fahimta, ba sunan makami ke tafiyar da yaƙin nan ba. Wanda zai iya ƙerawa da yawa, ya kai bakin daga a kan lokaci, gobe ma ya sake kaiwa, shi ke da rinjaye. Ina so waɗanda suka fi ni sani, musamman Baba Sajan, su duba maganar nan.

Nura Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a je ga masana'anta a fara faɗin gaskiya: ƙasa ɗaya ce ke fafatawa da ƙasashe kusan 50. Tun Afrilun 2022 ake zama a sansanin Ramstein na Jamus ana tara wa Yukren makamai. Duk da haka wa ya ci Bakhmut a 2023? Wa ya ci Avdiivka a 2024? Amsar a fili take.

Baba Sajan:
Malam Bashir, maganarka na kan hanya. Ni a ɓangaren atilare na yi aiki har na ajiye kaki, kuma abin da farar hula ba su cika lura da shi ba, igwa ba ita ce wahala ba, abin da take ci shi ne wahala. Igwa guda za ta daɗe a hannunka, amma harsashinta kullum sai an kawo sabo. Harsashi ɗaya na milimita 155 nauyinsa ya haura kilo 40, ban da albarushin da ke tura shi. Ku yi tunanin motocin da za su ɗauko dubbai kullum, a kan hanyar da abokin gaba ke kallo.

Da aka fara yaƙi, manyan bindigogin Yukren na zamanin Tarayyar Sobiyet ne, masu cin harsashin milimita 152 da 122. Babbar mai ƙera irin wannan kuwa ita ce Rasha da kanta. Cikin 'yan watanni rumbun Yukren ya yi ƙasa, aka bi ƙasashen Gabashin Turai ana tattaro abin da ya rage, daga ƙarshe dole aka koma kan 155 na NATO. A nan asiri ya tonu. Kafin yaƙin, Amurka duk girmanta harsashi kusan 14,000 take ƙerawa a wata. A tsakiyar 2022, lokacin da faɗa ya yi zafi a Donbas, gabashin Yukren, Rasha kan harba fiye da haka a yini ɗaya.

Sannan akwai abin da ba a sa wa a labarai. Bututun igwa yana cinyewa. In ka harba 'yan dubbai, cikinsa ya sule, harsashi ya fara sauka inda ba ka nufa ba, sai an canza shi. Yukren kuwa an ba ta M777 daga Amurka, Caesar daga Faransa, PzH 2000 daga Jamus, Krab daga Poland. Kamar garejin da aka cika da motoci iri-iri ne, kowace da nata kayan gyara da nata makanike. Wasu in sun lalace sai an ɗora su a tirela an tsallaka da su Poland ko Lituweniya kafin a gyara. Rasha iri ɗaya take amfani da shi tun zamanin kakanni, kuma masana'antar na bayan gidanta.

Injiniya Kabir:
Allah ya ƙara girma Baba. In ɗora a kan naka. A Maris 2023 Tarayyar Turai ta yi alkawarin harsashi miliyan ɗaya cikin shekara guda. Da wa'adi ya cika, kusan rabi aka kai, sauran sai wajen ƙarshen 2024. Shi ya sa a Fabrairun 2024 shugaban Jamhuriyar Cek, Petr Pavel, wanda shi ma tsohon janar ne, ya fito ya ce sun gano harsasai kusan 800,000 a kasuwannin duniya, a kawo kuɗi a saya. Wato Turai da duk arzikinta sai da ta shiga yawon cefane.

Ba kuɗi ne ya gagara ba. Bayan yaƙin cacar baka sun rufe masana'antu da yawa, suna ganin an gama irin wannan yaƙin. Harsashi ba ƙarfe kaɗai ba ne, akwai abin fashewar da ake ɗura masa, kuma babbar masana'antar TNT da suke dogaro da ita a Poland take. Albarushin turawa kuma da sinadarin da ake samu daga auduga ake yin sa, audugar da yawanta daga Sin take zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanin Rheinmetall na Jamus sai a Agustan 2025 ya buɗe sabuwar babbar masana'antarsa ta harsashi, shekara uku da rabi da fara yaƙi.

Nura Fagge:
To ai kun zo kan maganata. Rasha ita kaɗai ta fi su duka.

Malam Bashir Zariya:
Nura, a nan ne ba mu daidaita ba. Cewa masana'antun Rasha sun fi na Turai shiri, wannan gaskiya ne, kuma Putin ya juya tattalin arzikinsa ya fuskanci yaƙi, ana aiki dare da rana. Amma kalmar "ita kaɗai" ba ta zauna ba. Jirgin Shahed maras matuƙi da aka fara jefa wa biranen Yukren a Satumban 2022 na Iran ne, Rasha ta canza masa suna zuwa Geran, daga baya ta kafa masana'antarsa a Alabuga da ke Tatarstan. Koriya ta Arewa ta aika harsasai miliyoyi da makamai masu linzami. A Yunin 2024 Putin ya je Pyongyang suka sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Kim Jong Un, kafin shekara ta ƙare sojojin Koriya sama da 10,000 suna yankin Kursk na Rasha, kuma a Afrilun 2025 ƙasashen biyu suka amsa da bakinsu. Injinan masana'anta da ƙananan kayan lantarki kuwa da yawansu ta Sin suke shigowa. Da rumbun Rasha ya ishe ta, me zai kai ta ƙofar Kim? Kowa a yaƙin nan yana da mai ɗaure masa gindi. Bambancin shi ne masu ba Rasha ba sa gindaya mata sharaɗi, ba sa kuma jiran majalisa.

Dakta Hauwa:
Sallama gare ku. Malam, wannan magana ta sharaɗi ita ce ta sa na sa baki. A birnin Kharkiv na Yukren na yi karatun likita, yaƙin ne ya dawo da mu gida. Garin kimanin kilomita 30 ne daga iyakar Rasha. Kwanakin farko a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa muka yi su, mutane kwance a kan bargo har cikin taragu, tsofaffi da jarirai da kyanwoyi, kowa na neman inda zai yi cajin waya. Har yanzu muna gaisawa da wata malamarmu da ta ƙi barin garin.

Abin da take gaya mini a 2023 da farkon 2024 shi ne, makamin da ake harbowa daga yankin Belgorod na Rasha yakan sauka kafin jiniya ta gama kuka, don nisan babu yawa. Sojojin Yukren sun san inda ake harbowa, suna da HIMARS da zai kai wurin, amma Amurka ta ce ba a yarda a harba makaminta cikin ƙasar Rasha ba. Sai da Rasha ta sake kutsowa ta wajen Vovchansk a Mayun 2024, aka kuma jefa bom a wani babban kantin kayan gini ranar Asabar mutane na sayayya, sannan Biden ya sassauta a ƙarshen watan. Ta ce bayan nan sun ga sauƙin irin wancan harin. Makami ɗaya ne, tun 2022 yana hannunsu, izini ne ya makara. Yara kuma a cikin tashoshin ƙarƙashin ƙasa aka buɗe musu ajujuwa tun 2023.

Ba na goyon bayan kowace gwamnati a nan, amma in ana lissafin makamai ina so a tuna akwai mutane a ƙarƙashin lissafin.

Nura Fagge:
Allah ya kyauta Dakta, ba wanda ke murna da mutuwar farar hula. Amma su ma mutanen Belgorod da Donetsk ana kashe su da makaman Turawa, ba a cika faɗa ba. Kuma Amurka ba don tausayi ta sa sharaɗin ba, tsoron nukiliya ne.

Dakta Hauwa:
Haka ne Yaya Nura, an kashe farar hula a Belgorod, kuma rai rai ne. Tsoron nukiliya ma gaskiya ne. Sai dai duk abin da aka ce ba za a bayar ba don wannan tsoron, daga baya an bayar, bayan an yi asarar rayuka ana jira.

Baba Sajan:
'Yata ta taɓo inda ke yi mini ciwo. Ku dubi tankoki. An shafe watanni ana ja-in-ja, Jamus ba ta amince da Leopard ba sai 25 ga Janairun 2023. Birtaniya ta ba da Challenger 14, Amurka ta ce Abrams 31, su kuwa Abrams ɗin sai Satumba suka isa. Duk wannan lokacin me Rasha ke yi? Tana haƙa ramuka, tana binne nakiyoyi a kudu, a yankin Zaporizhzhia, layi bayan layi. Da Yukren ta tashi farmakinta a Yunin 2023, sai ta tarar da gonakin nakiya masu faɗin kilomitoci, ga jirage masu saukar ungulu na jiran duk motar da ta tsaya, ita kuma ba ta da rinjaye a sama. Ba rundunar NATO da za ta yarda ta shiga irin wannan wuri ba tare da jirage sun share mata hanya ba. An tsaya a wajen ƙauyen Robotyne. F-16 da ake magana sai tsakiyar 2024 suka fara isa daga Holan da Denmak.

Ku kwatanta da 2022. HIMARS ya zo a Yuni, yana kai kilomita 80, Rasha ba ta shirya masa ba. Aka yi ta ƙone mata rumbunan harsashi da gadojin kogin Dnipro, har ta bar birnin Kherson a Nuwamba. Bayan nan ta ja rumbunanta baya, ta koyi dagula siginar da ke yi wa rokar jagora. Kowane sabon makami yana da 'yan watanninsa kafin a samo maganinsa. In ka kawo shi kaɗan-kaɗan, ka ba abokin gaba lokacin koyo ne kawai.

Avdiivka da Nura ya ambata kuwa, ta faɗi a Fabrairun 2024, daidai lokacin da tallafin dala biliyan 61 ya maƙale a majalisar Amurka. Ba a sake shi ba sai Afrilu. Masu igwa a lokacin ƙirga harsashi suke yi kafin su harba.

Auwal Mai Gyaran Waya:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in ce wani abu, don duk maganar nan ta manyan kaya ce, alhali abin da ya fi ɓarna a bakin daga yanzu ƙarami ne. Na daɗe ina kallon bidiyon yadda ake haɗa ƙananan jiragen nan masu farfela huɗu da ake kira FPV. Wallahi abin da ke kan teburinsu shi ne ke kan teburina: fanel, batir, 'yar kyamara, wayoyi, dalma. Matuƙin yana zaune a rami da tabarau a fuska, yana ganin abin da kyamarar ke gani, ya bi tanka har ya shigar da jirgin ta inda ƙarfen ya fi rauni. Kuɗinsa 'yan ɗaruruwan daloli, abin da yake lalatawa na miliyoyi.

Da aka fara toshe musu sigina, sai Rasha ta fito da dabara a 2024: a ɗaura wa jirgin kwarkwaron siririn zaren gilashi, irin wanda ake kai intanet da shi, yana tafiya zaren na warwarewa, kilomita 10 ko 20. Ba sigina a iska balle a toshe. Yukren ma ta kwaikwaya. Akwai hotunan gonaki da bishiyoyi duk zare ya lulluɓe su. Shi ya sa yanzu ba a iya tara motoci wuri guda, sojoji kan shiga biyu-biyu ko uku-uku, wasu a kan babur, hanyoyi kuma ana rufe su da raga.

Kuma ku tuna 1 ga Yunin 2025. Yukren ta ɓoye irin waɗannan jirage 117 a rufin wasu ɗakunan katako, aka ɗora a manyan motoci, direbobi suka kai su kusa da sansanonin jiragen yaƙin Rasha, har da na Belaya a Saiberiya, sama da kilomita 4,000 daga Yukren. Rufi ya buɗe, suka tashi suka ƙone manyan jiragen da ke harba makamai masu linzami. Ba Amurka ce ta ba su wannan ba.

Injiniya Kabir:
Auwal, Allah ya yi albarka, ka kawo abin da ya ƙarfafa maganar Malam Bashir. Jirage marasa matuƙa su ma lissafin yawa ne. Yukren ta ce ta ƙera sama da miliyan biyu a 2024. Kuma duka ɓangarorin biyu kayan haɗin daga Sin suke samo mafi yawansu, ko da yake kamfanin DJI na Sin, mai ƙera ƙananan jirage, ya dakatar da sayarwa a ƙasashen biyu tun Afrilun 2022, ta bayan fage ake saye.

Inda lissafin ya juya wa Yukren baya shi ne kare sama. Harsashi ɗaya na Patriot, makamin kare sama na Amurka, kusan dala miliyan 4 ne, kuma abin da ake ƙerawa a shekara ɗaruruwa ne, duniya duka na layi. Kusan shi ne kaɗai abin da Yukren ke da shi mai iya tare makamai masu linzami na Rasha irin su Kinzhal da Iskander. Shahed kuwa 'yan dubun-dubatan daloli ne, kuma a dare ɗaya a Satumban 2025 Rasha ta saki jirage marasa matuƙa sama da 800, wasu na gaske wasu na yaudara. Ba mai hankalin da zai tare su da Patriot. Tsohuwar motar Gepard ta Jamus mai bindiga biyu, da samari a bayan a-kori-kura da babbar bindiga da fitila, su ke wannan aikin, yanzu kuma an ƙara da ƙananan jirage masu farautar 'yan'uwansu.

Maman Ilham:
Don Allah ku dakata, Malam Bashir ya ambaci Alabuga. 'Yar maƙwabciyata ta nuna mini wata talla a waya, wai ana ɗaukar 'yan mata zuwa Rasha, karatu da aiki, tikiti kyauta, kuma sunan nan ne a jiki. Har ta fara maganar fasfo. Wurin ɗaya ne?

Malam Bashir Zariya:
Hajiya, wurin ɗaya ne, kuma don Allah ki zauna da iyayenta. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya yi bincike a kan shirin da ake kira Alabuga Start. Ya gano 'yan mata kusan 200 daga Afirka, masu shekara 18 zuwa 22, daga ƙasashe irin su Yuganda, Kenya, Ruwanda, Saliyo da Najeriya. An ce musu karatu da koyon sana'a, da yawansu suka tsinci kansu suna haɗa jiragen Shahed, wasu na kukan sinadaran da ke ƙona musu fata da albashin da bai kai abin da aka faɗa ba. Kuma wurin abin hari ne: a Afrilun 2024 jirgin Yukren ya faɗa kan wani ɗakin kwanan ɗalibai a can, mutane suka jikkata. Masana'antar da muke magana hannu take buƙata, kuma har ƙofar gidajenmu ake zuwa nema.

Maman Ilham:
Innalillahi. Yau ɗin nan zan shiga gidan. Na gode Malam.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga kowa. Mu nan yaƙin ya riga ya taɓa mu ta wata hanya. A ƙarshen Yulin 2024 aka yi wa sojojin Mali da 'yan Wagner, sojojin hayar Rasha, mummunar ɓarna a Tinzawaten, kusa da iyakar Aljeriya. Kakakin hukumar leƙen asirin sojan Yukren ya yi wata magana da ta nuna 'yan tawayen sun samu bayanai, sai Mali ta yanke hulɗa da Yukren ranar 4 ga Agusta, Nijar ta bi baya bayan kwana biyu. Yukren ta ce an yi gaggawa ba tare da hujja ba. Tun Afrilun shekarar kuma sojojin Rasha masu horarwa suka sauka a Yamai. Ni tsorona ɗaya ne: mun ga abin da ya faru bayan Libiya a 2011. Ko Buhari ya faɗa a taron Tafkin Chadi a Abuja a Nuwamban 2022, cewa makaman yaƙin Yukren sun fara sulalowa yankinmu. Duk waɗannan makamai ina za su in an gama?

Baba Sajan:
Tsoronka a kan hanya yake ɗana. Abin da na gani da idona a aiki, mafi yawan bindigogin da ke hannun 'yan ta'adda a yankinmu ko dai na Libiya ne, ko kuma namu ne da aka kwasa a barikin da aka far wa. Muddin ana yaƙi a can, kowane harsashi ana buƙatarsa, ba a cika samun rara ba. Ranar da aka tsaya ne abin dubawa, kamar yadda makaman Yugoslabiya suka yi ta yawo a Turai shekaru bayan an gama.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro ba ya buƙatar a yi fasa-ƙwaurinsa. Abin da Auwal ya bayyana ilimi ne, yana kan waya, kayan haɗinsa na kasuwa. An riga an fara ganin masu tayar da ƙayar baya a Sahel da Tafkin Chadi na ɗaura abin fashewa a jiragen kasuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sojan da ke shingen bincike a daji yau yana buƙatar abin toshe sigina kamar yadda yake buƙatar hular kwano.

Nura Fagge:
Na saurara, kuma akwai abin da na ɗauka. Amma duk kun tsallake abu guda: mutane. Ku ba Yukren duk makaman duniya, wa zai riƙe? Yawan jama'ar Rasha ya ninka nata fiye da sau uku. A Afrilun 2024 Zelensky ya rage shekarun ɗaukar soja daga 27 zuwa 25, kuma kowa ya ga bidiyon yadda ake tare maza a titi ana tura su mota. Miliyoyi sun bar ƙasar. Rasha tun bayan mutum 300,000 da ta kira a Satumban 2022 kuɗi take zubawa mutane na sa hannu da kansu. Sojojin Yukren sun shiga Kursk a Agustan 2024, zuwa Maris 2025 an kore su daga garin Sudzha da suka kama a can. Masana'anta ba ta ƙera soja.

Malam Bashir Zariya:
Wannan hujja ce mai nauyi Nura, kuma su kansu kwamandojin Yukren suna kukan ƙarancin sojan ƙasa. Abin da zan ce kawai, shi ya sa suka rungumi jirage marasa matuƙa haka, don inji ya tsaya inda babu mutum. Ka dubi teku: ƙasar da kusan ba ta da rundunar ruwa ta nutsar da babban jirgin ruwan yaƙin Rasha mai suna Moskva a Afrilun 2022 da makaminta na gida, Neptune, sannan da ƙananan jiragen ruwa marasa matuƙa ta tilasta wa Rasha kwashe yawancin jiragenta daga Sevastopol zuwa Novorossiysk, har hatsi ya ci gaba da fita daga Odesa. Amma a tudu, gaskiyarka, rami sai da mutum a ciki. Ita ma Rasha ci gaban da take samu da tsadar rayuka take sayensa, ƙauye bayan ƙauye.

Auwal Mai Gyaran Waya:
Injiniya, tambaya. Tunda Trump ya dawo, wa ke biya yanzu?

Injiniya Kabir:
Turai. Bayan cacar bakin da aka yi da Zelensky a Fadar White House ranar 28 ga Fabrairun 2025, Trump ya dakatar da makamai da bayanan sirri na kimanin mako guda, aka dawo da su bayan zaman Jidda. Wannan makon ya girgiza Turawa ƙwarai. A Yuli aka fito da sabon tsari tare da sakataren NATO Mark Rutte: Amurka ta sayar, ƙasashen Turai da Kanada su biya, a miƙa wa Yukren. Kyauta ta ƙare ke nan.

Hanya ta biyu Denmak ce ta fara ta: maimakon a aiko da makami, a ba kamfanonin Yukren kuɗi su ƙera a gida, ya fi araha, ya fi sauri, gyaransa na kusa, kuma ba mai cewa kada a harba nan ko can. Igwarsu ta Bohdana ta haka ta yawaita. A 2025 Zelensky ya ce sama da kashi 40 cikin 100 na makaman da ke bakin daga a gida aka yi su. Jiragen da suka riƙa ƙona matatun man Rasha a Agusta da Satumban 2025, har aka ga layin mai a wasu yankuna, nasu ne.

Kuɗin kuwa, akwai kadarorin babban bankin Rasha kusan dala biliyan 300 da aka daskarar, mafi yawansu a wata cibiyar hada-hada da ake kira Euroclear a Beljiyam. A 2024 ƙasashen G7 suka amince da rancen dala biliyan 50 da za a riƙa biya daga ribar kuɗin. Uwar kuɗin ce ake tsoron taɓawa, Beljiyam na gudun a bar ta ita kaɗai da shari'a da ramuwar Rasha. Abin da Turai ba ta iya maye gurbinsa da kuɗi cikin sauri shi ne Patriot da bayanan tauraron ɗan'adam, waɗannan har yanzu sai an ƙwanƙwasa ƙofar Amurka.